Chichen Itza, Tikal ko Beliz: wane ƙaramin gurup zan bi in ga kufan Mayawa?

Wannan bayani na wanda ya riga ya yanke shawara ne cewa zai je ya ga tsofaffin biranen Mayawa, al'ummar da ta gina manyan birane a kudancin Meksiko da Amurka ta Tsakiya tun kafin zuwan Turawa, kuma ba shi kaɗai zai yi ta bulayi ba, ƙaramin gurup zai shiga mai mota da ɗan jagora, amma ya tsaya yana ta jujjuya waya ya rasa wanne zai biya tsakanin Chichen Itza a Meksiko, Tikal a Gwatemala, da kuma wuraren da ke yammacin Beliz. Yawanci 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Amurka da Kanada da Ingila ne tafiyar ta fi yi wa sauƙi, amma wanda zai taso daga Kano ko Yamai ko Kumasi ma akwai abin da ya shafe shi a nan, musamman zancen biza da hanyar jirgi.

Tun farko bari in faɗi inda na karkata don kar in ɓata maka lokaci: in kana da kwana biyu cikakku da ƙafar tafiya, Tikal. Amma ba kowa ke da su ba, shi ya sa rubutun ya yi tsawo.

Abubuwan da zan auna da su

Na ɗaya kuɗi, kuma ba kuɗin da aka rubuta a talla nake nufi ba, kuɗin da zai fita daga aljihunka daga safe zuwa dare, har da tikitin ƙofa da abinci da ɗan ihsanin da ake ba gaid da direba. Na biyu sauƙin isa, wato biza da jirgi da nisan mota. Na uku ɗorewar abin da ka biya, awa nawa za ka yi a cikin kufan da gaske ba a cikin mota ko shagon tsaraba ba, sannan in ruwa ya sauko shirin zai tsaya ko zai wargaje. Na huɗu wahalar jiki. Na biyar haɗari. Na ƙara guda ɗaya da masu talla ba sa kawo shi kwata-kwata, abinci da sallah, don yankin nan naman alade da kitsensa suna shiga girki sosai.

Sannan shi kansa "ƙaramin gurup" ɗin a yi hattara da shi. Babu wata doka da ta ce ga adadinsa, wani kamfanin mutum 8 yake nufi, wani 12, wani kuma zai cika mota da mutum 20 ya ce maka ai ƙarami ne tunda ba babbar bas ba ce. Kafin ka tura ko sisi ka tambaye su a rubuce: mutum nawa ne iyaka, ƙarfe nawa za mu tsaya a bakin ƙofa, tikitin shiga yana ciki ko a'a, kuma gaid ɗin da Turanci zalla zai yi bayani ko zai riƙa haɗawa da Sifaniyanci. Wannan na ƙarshen mutane na raina shi, amma in gaid yana maimaita komai sau biyu to rabin bayanin da ka biya kawai za ka samu, sauran lokacin kana tsaye a rana kana jiran a gama da wasu.

Farashin da zan kawo duk kimantawa ne, yana motsi da kaka da kuma kamfani, ka ɗauke shi a matsayin ma'auni na gane in ana neman cutarka.

Chichen Itza, Meksiko

Wannan shi ne wanda kowa ya sani a hoto. Yana jihar Yukatan, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1988, a 2007 kuma ya shiga jerin nan na sababbin abubuwan al'ajabi bakwai, tun daga nan jama'a suka yi masa caa, yanzu sama da mutum miliyan biyu ke shiga a shekara. Babbar dalar da ke tsakiya, ta Kukulkan, tsayinta kusan mita 30 ne har da ɗakin da ke samanta, kowane gefe matakala 91, in ka haɗa huɗun da dandamalin sama ya ba ka 365, kwanakin shekara. A watan Maris da Satumba lokacin da dare da rana suke daidaita, inuwa kan sauko ta gefen matakalar kamar maciji yana gangarowa, ranar kam kar ma ka je in ba ka son turmutsitsi. Akwai filin ƙwallonsu mai tsawon mita 168, babu wanda ya kai shi girma a duk yankin, da kuma babbar rijiyar nan ta halitta da suke jefa hadaya a ciki. Gaid zai sa ku tafa hannu a gaban dalar ku ji amsa-kuwwa kamar kukan tsuntsu, kowane gurup sai ya yi, don haka tafi za ka yi ta ji har ka fita.

Kuɗi: babbar bas daga Kankun, birnin shaƙatawa na bakin teku inda yawancin baƙi ke sauka, za ka ga ana tallarta $50 zuwa $80, wani lokacin ma ƙasa da haka, amma sau da yawa ba a sa kuɗin ƙofa ba, kuma kuɗin ƙofar nan kashi biyu ne, na hukumar tarihi ta tarayya wato INAH da na gwamnatin jihar Yukatan, in aka haɗa wa baƙo ya haura peso 600. Ƙaramin gurup na gaske mai isa da sassafe yana kaiwa $120 zuwa $180 da komai a ciki. In ka kwana a Valladolid, garin da ke kusan kilomita 45 daga wurin, kuɗin ya ragu sosai don motar ba ta da nisa.

Sauƙin isa: nan ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Kankun na da jirage kai tsaye daga manyan biranen Amurka da Kanada da Turai, Turkish Airlines ma na zuwa daga Istanbul. Kuma Meksiko na barin mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko Japan ko ƙasashen Turai na Shengen ya shiga yawon buɗe ido ba tare da ya nemi tata bizar ba, wanda ba shi da ko ɗaya kuma akwai ofishin jakadancinsu a Abuja. Daga Kankun kusan kilomita 200 ne, awa biyu da rabi a titi mai kyau, akwai kuma jirgin ƙasan Tren Maya da aka buɗe a ƙarshen 2023 mai tasha kusa da wurin.

Ga wata dabara da ƙaramin gurup ke cin riba da ita: agogon Kankun yana gaban na Yukatan da awa ɗaya. In kun tashi 6:30 na safe a Kankun za ku isa 9 a agogonku, wanda 8 ne a can, daidai lokacin buɗe ƙofa. Awa biyun farkon nan su ne duk abin da ka biya kuɗi dominsa, ba zafi sosai, 'yan tebur ba su gama shimfiɗa kaya ba, za ka ɗau hoto ba kan mutum hamsin a ciki. Babbar bas kuwa sai ta gama zagaye otal-otal tana kwasar mutane, ta tsaya a shagon tsaraba, sannan ta sauke ku wajen 11 ko 12 rana na tsakiyar ka, a fili fetal da ba inuwa, hanyoyin ciki kuma sun koma kamar Kantin Kwari a jajibirin sallah. Ranar Lahadi 'yan ƙasa kyauta suke shiga, ka kauce mata.

Ɗorewa: a nan ne yake da rauni. Awa biyu zuwa uku kun gama, kuma ba a hawa komai, an hana hawa dalar shekara da shekaru, wanda ya yi gangancin hawa tara ce ke jiransa bayan ihun da jama'a za su yi masa. Sauran ranar a wanka a senote, wato irin rijiyoyin halittar nan na yankin, da cin abinci da tsayawa a Valladolid take tafiya. Amma fa ruwan sama ba ya hana zuwa, titi kwalta ne har ƙofa. In kana son hawa ka nemi gurup da ya haɗa da Ek Balam, yana arewa da Valladolid kaɗan, mutane ba su da yawa.

Jiki da haɗari: fili ne a shimfiɗe, tsoho da yaro duk za su iya, zafi ne kawai abin tsoro. Jihar Yukatan na cikin mafi kwanciyar hankali a Meksiko. Damuwar a Kankun take, masu tare mutum a filin jirgi da bakin otal da tayin yawo mai arhar banza, ƙarshenta sai ka tsinci kanka a ɗakin da ake ƙoƙarin sayar maka da hayar gidan hutu na shekaru.

Abinci: mashahurin girkin Yukatan, cochinita pibil da poc chuc, duk alade ne, kuma wake da tamal ma ana sa musu kitsen alade da suke kira manteca. A bufe na babbar bas ba wanda zai tsaya yi maka bayani. A ƙaramin gurup kana iya gaya wa gaid tun a mota, ya nema maka kifi ko ƙwai ko kayan lambu. Wasu kamfanonin kan saka ɗanɗana giyar tekila cikin shirin, ka duba kafin ka biya.

Tikal, Gwatemala

Tikal wani abu ne daban. Yana cikin kurmin Peten a arewacin ƙasar, a tsakiyar gandun da ya kai murabba'in kilomita 575, kuma UNESCO ta karɓe shi a 1979 ta fuska biyu, tarihi da kuma dajin kansa. Ba fili ɗaya ba ne da za ka tsaya ka gani duka, birni ne da daji ya haɗiye, kana tafiya a ƙarƙashin manyan bishiyoyi sai kawai ka ga gini ya tsaya a gabanka ya fi bishiyoyin tsawo. Haikali na ɗaya da ke babban dandali mita 47 ne, ba a hawansa, amma ana hawa na biyu da ke fuskantarsa ta matakalar katako, haka na huɗu wanda ya haura mita 60, daga samansa ba abin da za ka gani sai kore har ƙarshen ido da kawunan sauran haikalan sun ɓullo. Ga birai masu ruri da in ba a gaya maka ba za ka rantse wani babban naman daji ne, ga birai masu dogayen hannuwa suna lilo a sama, ga tsuntsun tukan mai ƙaton baki, ga talo-talon daji mai launi suna yawo a gefen hanya ba ruwansu da kowa.

A nan ne gaid yake cin kuɗinsa. Ba gaid duwatsu kawai za ka gani, da gaid nagari kuwa sai labarin ya tashi: yadda a 378 wani mai suna Siyaj K'ak' ya iso daga ɓangaren Teotihuacan, tsohon babban birni a tsakiyar Meksiko, aka sauya gidan sarauta, yadda aka ci Tikal da yaƙi a 562 ta yi shiru sama da shekara ɗari, sannan sarki Jasaw Chan K'awiil ya rama a kan birnin Calakmul, babban abokin gabar Tikal, a 695, kuma shi ne aka binne a ƙarƙashin haikali na ɗayan nan da kake kallo. Dutsen tarihi na ƙarshe da aka kafa a birnin na 869 ne, bayan nan mutane suka watse. A 2018 aka sanar da sakamakon binciken da aka yi da na'urar leza daga jirgin sama a Peten, aka gano gine-gine sama da 60,000 a ƙarƙashin daji, wato tudun da kake wucewa a gefen hanya ma akasari gini ne da ba a tone ba. Kuma Mayawa ba ƙarewa suka yi ba fa, miliyoyinsu na nan a Gwatemala da Meksiko da Beliz suna magana da harsunansu, ba mamaki direbanku ma ɗaya ne daga ciki.

Kuɗi: a nan abin ya ba ni sha'awa, duk girmansa shi ne mafi arha in ka riga ka isa. Tikitin baƙo ketzal 150 ne a kuɗin Gwatemala, kusan $20, in za ka shiga kallon fitowar rana ko faɗuwarta a ƙara ketzal 100. Motar haɗaka da gaid daga Flores, garin da ake sauka a tafi Tikal, ba ta cika wuce $15 zuwa $25 ba, sai dai irin wannan gurup ɗin na iya kaiwa mutum 20 ko fiye. Ƙaramin gurup na gaske da abincin rana $60 zuwa $100. Tikitin asuba sai ka saya tun jiya, a banki ko ta intanet, don da duhun nan ba mai sayar maka a ƙofa, kuma ka riƙe fasfo.

Sauƙin isa: nan ne wahalar. Sai ka sauka a babban birnin Gwatemala, sannan ka sake hawa ƙaramin jirgi na kusan awa ɗaya zuwa Flores, ko bas ɗin dare ta awa takwas zuwa goma. Daga Flores zuwa Tikal kusan kilomita 65 ne, awa ɗaya da rabi. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ka fara nema da wuri ka ji ta bakin ofishin jakadancinsu kafin ka sayi tikitin jirgi. Flores kanta ɗan tsibiri ne a tafkin Peten Itza, kuma a nan ne masarautar Mayawa ta ƙarshe mai cin gashin kanta ta faɗi hannun Sifaniyawa a 1697, wuri ne mai daɗin kwana, ga kifin tafki.

Zancen fitowar rana, ra'ayina ya rabu. Ana ɗaukarku a Flores wajen ƙarfe 3 na dare, ku yi tafiya da tocila a cikin daji, ku hau haikali na huɗu ku zauna shiru. Sau da yawa hazo ne ke rufe komai, ranar ba za ka gan ta ba. In hoton rana kake nema kana iya jin an cuce ka. In kuwa jin dajin yana farkawa kake so, da rurin birai ta ko'ina, da kuma zagaya babban dandali kafin kowa ya zo, to kuɗinka bai faɗi ba. Asuba za ta same ka a hanya ko a ciki, ka tafi da alwalarka da 'yar darduma ka gaya wa gaid tun kafin ku shiga, a gurup na mutum 8 minti biyar ba komai ba ne, a na 25 kuwa za su wuce su bar ka a duhu. Wanda ba ya son tashin tsakar dare ya ɗauki motar da ke isa 6 lokacin buɗe ƙofa, ko ya kwana a ɗaya daga 'yan otal ɗin da ke cikin gandun, sun fi tsada kuma wuta ba kullum ba.

Ɗorewa: awa huɗu zuwa shida a ciki, kuma ba za ka gama ba. Wanda ya ƙara kwana yana iya haɗawa da Yaxha da yamma, ana kallon faɗuwar rana a kan tafki. Da damina ma ana zuwa, titin kwalta ne, sai dai santsi da laka da sauro.

Jiki da haɗari: za ka taka kilomita da yawa a zafi mai gumi, ga hawa matakala, wanda gwiwa ke damunsa ya yi tunani. Kar ka bar hanya ko ka rabu da gurup, mutane sun sha ɓata a dajin nan, kuma akwai maciji mai mugun dafi da suke kira barba amarilla, takalmi rufaffe dole. A Flores akwai 'yan kamasho masu shiga bas kafin ta isa gari suna cewa komai ya cika sai ta hannunsu, ƙarya ce, ka isa masaukinka tukuna. Babban birnin ƙasar kuma ba wurin yawon dare ba ne ga baƙo.

Beliz, daga San Ignacio

Beliz ba wuri ɗaya take sayarwa ba, tarin wurare ne kusa da juna, ka zauna a garin San Ignacio kullum ka fita wani. Babban abin da take da shi a wajenmu Turanci, shi ne harshen gwamnati don Ingila ce ta mulke ta har 1981, ba ka buƙatar kalma ɗaya ta Sifaniyanci, za ka yi ciniki, za ka tambayi abin da ke cikin miya, za ka ja gaid da tambaya son ranka. Kuɗinsu ma ba lissafi, biyu nasu ɗaya na Amurka.

Xunantunich ne mafi sauƙi, 'yan mintuna daga gari, ana tsallaka kogin Mopan da wani jirgin fito da ake juyawa da hannu har mota yake ɗauka, babban gininsa kusan mita 40 kuma ana hawa, daga sama kana hango Gwatemala. Rabin yini ya isa. Cahal Pech kuma a cikin garin ma yake. Caracol shi ne babba, can cikin dajin Chiquibul, awa biyu ko fiye a mota, dalarsa Caana mita 43 ce kuma har yau tana cikin gine-gine mafi tsawo a ƙasar. Caracol ɗin nan na da hannu a kayen da aka yi wa Tikal a 562, don haka wanda ya ga biyun ya ji labarin daga bakin kowane ɓangare. A 2025 masu binciken da suka shafe shekaru suna tono a wurin, Arlen da Diane Chase, suka sanar da gano kabarin Te K'ab Chaak wanda ya kafa gidan sarautar. Wani lokacin ku kaɗai za ku kasance a wurin, ko ku da wata mota ɗaya.

Sai kogon Actun Tunichil Muknal, wanda kowa ke kira ATM. Wannan ba a shiga sai da gaid mai lasisi na musamman, kuma mutum 8 ne iyakar kowane gaid, wato a nan ƙaramin gurup doka ce ba talla ba. Za ka tsallaka kogi, ka yi iyo a bakin kogon, ka ratsa ruwa wani wurin har ƙirji, ka hau duwatsu, sannan ka cire takalmi ka shiga da safa inda tukwane da ƙasusuwan mutanen da aka yi hadaya da su suke a inda aka bar su sama da shekara dubu. An hana kyamara tun 2012 bayan wani ya saki tasa a kan ƙoƙon kan wani ya fasa. Ba kowa zai so ganin wannan ba, kuma kaya za su jiƙe su manne a jiki a gaban mutane, 'yar'uwa mai hijabi ta san da haka ta shirya kayan da suka dace ko ta zaɓi Caracol.

Kuɗi: Beliz ta fi maƙwabtanta tsada a komai. Kuɗin ƙofa ba yawa, mota da gaid ne ke ci. Xunantunich $50 zuwa $80, Caracol $100 zuwa $130, ATM $110 zuwa $140, yawanci da abincin rana. Kwana uku ka ga $300 ta tafi ban da masauki.

Isa: yawancin jiragen da ke sauka a Beliz ta Amurka suke bi, kuma Amurka ko wucewa kawai za ka yi sai da biza. Zancen bizar wucewa ya shafi duk ƙasashen uku: mai fasfon Najeriya ko Gana da zai canza jirgi a filayen ƙasashen Shengen shi ma akwai bizar wucewa a kansa sai in yana da irin bizar da ke ɗauke masa. Daga filin jirgi zuwa San Ignacio kusan awa biyu ne. Ka riƙe katin rigakafin shawara in daga gida ka taso, Beliz da Gwatemala na iya tambaya.

Ɗorewa: nan ne damina ta fi yin ɓarna. In kogi ya cika ana rufe ATM, jirgin fiton Xunantunich ma yakan tsaya. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin ruwa da guguwa ne a duk yankin, don haka ka tambayi ƙa'idar mayar da kuɗi kafin ka biya, kuma kar ka ajiye ATM sai ranar ƙarshe. Disamba zuwa Maris ya fi daɗi, Afrilu da Mayu zafi ne na fitar hankali. Haɗari kuma, San Ignacio lafiya lau, birnin Beliz ne ake cewa a kula da wasu unguwanninsa. Sauro na ko'ina a ƙasashen uku kuma akwai zazzaɓin dengi, man sauro ba zaɓi ba ne.

Af, daga San Ignacio ana zuwa Tikal a dawo a yini ɗaya ta iyakar Melchor de Mencos, $130 zuwa $160 haka. Ga mai fasfon Amurka ko Birtaniya abu ne mai sauƙi. Ga mai fasfon Najeriya kuwa abin na iya kaiwa ga biza biyu da kuma izinin sake shiga Beliz, kuma za ka isa Tikal rana ta riga ta ɗaga, ni ban ga ribarsa ba sai in ba yadda za a yi.

A taƙaice cikin tebur

| Ma'auni | Chichen Itza | Tikal | Beliz |
|---|---|---|---|
| Ƙaramin gurup, yini ɗaya | $120–180 daga Kankun | $60–100 daga Flores | $50–140, ya danganta da wuri |
| Lokaci a cikin kufai | awa 2–3 | awa 4–6 | awa 2–4 kowane wuri |
| Isa | mafi sauƙi | jirgi biyu ko doguwar bas | yawanci ta Amurka |
| Hawa gini | an hana | ana hawa wasu | ana hawa |
| Cunkoso | sosai bayan 10 na safe | matsakaici | kaɗan |
| Wahalar jiki | kaɗan, sai zafi | tafiya mai yawa | daga sauƙi zuwa mai tsanani |
| In ruwa ya sauko | ana zuwa | ana zuwa, da laka | ana iya sokewa |
| Harshe | Sifaniyanci, gaid na Turanci | Sifaniyanci, gaid na Turanci | Turanci |

To wa ya dace da wanne

In da iyali za ka, akwai yara ko Hajiya da Alhaji da ba za su iya doguwar tafiya ba, ko hutunka kwana huɗu ne kacal, ko bizar Amurka ko Birtaniya ce kawai a hannunka ba ka son sake bin layin wani ofishin jakadanci, ɗauki Chichen Itza, amma ka biya na sassafe, in son samu ne ma ka kwana a Valladolid. Babbar bas mai arha kuwa ka bar ta sai in kuɗin ne suka tsaya a haka.

In kai ɗalibi ne ko matashi mai ƙaramin aljihu da isasshen lokaci, ko kuma tarihin ne ya kawo ka ba hoto ba, ko kana son daji da namunsa tare da gine-ginen, Tikal, kwana biyu a Flores aƙalla, kuma ka ƙara 'yan kuɗi ka shiga gurup da bai wuce mutum 10 ba.

In Sifaniyanci na ba ka tsoro, ko kana son ka yi ta tambaya ana ba ka amsa, ko ba ka jure cunkoso, kuma kuɗi ba su ne matsalarka ba, San Ignacio, Xunantunich ranar farko, Caracol ta biyu. ATM kuma sai in ka iya ruwa ko aƙalla ba ka tsoronsa, kuma ƙunci da duhu ba sa tayar maka da hankali.

In ku huɗu ne ko biyar kun san juna, ku tambayi farashin mota da gaid naku na kanku kafin ku shiga kowane gurup, a Flores da Valladolid sau da yawa in aka raba kuɗin kusan ɗaya yake fitowa, kuma ku ke da ikon cewa a tsaya a yi azahar.